Makullin Ɗakin Sanyi

Shafi na 23

Na ga saƙonninku, har da na masu fushi da ni saboda shirun kwana huɗu. Ku yi haƙuri. Mu koma rumfar mai makulli.

*

Matar ba ta yi kama da masu ɓatar da makulli ba. Shekara ashirin da shida mai makulli yana zaune a rumfar nan ta bakin titi, ya san su tun daga nesa, suna tafe suna laluben aljihu suna tsaki. Wannan kuwa a natse ta zo, da farin tabarau a fuskarta, ta yi sallama ta zauna a kan benci.

"Kai ne mahaifin Dokta, ta cibiyar binciken dabbobi?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Lafiya dai?"

Ta buɗe jaka ta fito da wata 'yar leda, ta ajiye kusa da injinsa. Rabin makulli ne a ciki. Kan ne kawai, bakin ya karye.

Mai makulli bai taɓa ledar ba. Daga inda yake zaune yana ganin ɗigo biyu da ɗan layi a ƙasan kan, alamar da yake bugawa da ƙusa a duk makullin da ya fita daga hannunsa.

Mai gyaran agogo na rumfar kusa ya leƙo da gilashinsa a ido ɗaya.

"Hajiya, in dai wannan mutumin ne ya yanka, ba ya karyewa, sai dai ƙofar ta karye. Amma ki shirya, sai ya yi miki tambayoyi kamar alƙali kafin ya kunna inji. Ni da nake maƙwabcinsa, da na kawo na shagona sai da ya tambaye ni shagon waye."

Ba wanda ya yi dariya. Mai agogo ya dube su, ya ja kansa ya koma.

Matar ta rage murya.

"Ni ce shugabar kwamitin da ke sa ido a kan ayyukan cibiyar. Duk gwajin da za a yi sai ya biyo ta teburinmu, mu ce a yi ko kada a yi. Kwana uku da suka wuce aka sami bakin makullin nan a maƙale cikin ƙofar ɗakin sanyi, kan kuma a kwandon shara. Ɗakin makulli ɗaya gare shi, yana wurin masu gadi, duk mai karɓa sai ya sa hannu. Wannan ba shi ba ne."

Ya sake duban rabin makullin.

"Ka san aikin da 'yarka take yi?"

"Ta ce min shanu suke kwafa. A ɗauki ƙwayar halittar saniya mai nono da yawa, a fitar da wata saniyar sak ita."

"Abin da muka yarda a yi ke nan. Shanu da awaki. Da muka ga an shiga ɗakin ba izini sai muka buɗe tulun sanyin da ake ajiye 'yan tayi a ciki. Muka sami 'yan bututu biyu da babu su a takardunmu. An gwada. Ba na saniya ba ne, malam, ba kuma na akuya ba. Na mutum ne."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ɗaya an rubuta masa lamba biyu, ɗaya lamba uku. A jikin kowanne akwai kalma guda da rubutun hannu." Ta cire tabarau ta dube shi. "Waye Auta?"

Ya dafa teburin da hannu biyu, garin tagulla ya manne masa a tafi.

Auta shi ne ɗansa na ƙarshe. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, yana ɗan shekara tara, bayan ciwon sikila ya gama wahalar da shi. A nan ƙarƙashin teburin yake zama ranar da jikinsa da sauƙi, yana tara makullan da suka lalace a gwangwanin madara, yana cewa wannan na jirgin sama ne, wannan na gidan zaki. Gwangwanin yana nan har yau, ba wanda ya matsar da shi.

"Ɗana ne," ya ce. "Ya rasu."

Matar ta mayar da tabaraunta.

"Allah ya ji ƙansa. Ba zan matsa maka a bakin titi ba. Bayan la'asar zan zo gidanka da tambaya ɗaya: kai ka yanka makullin nan, kuma wa ya kawo maka? Farfesan da 'yarka take ƙarƙashinsa ya rantse bai san komai ba. Ita kuma ta ƙi buɗe baki."

"Idan na ce ni ne?"

"Aikinta ya tafi, takardunta sun tafi. Maganar kuma ta bar hannuna ta koma kotu."

"Idan na ce ba ni ba ne?"

"To, ka ce ba kai ba ne." Ta mayar da ledar jaka ta miƙe. "Amma mai gadin da ya gane alamarka ya ce min bai taɓa jin ka yi ƙarya ba. Akwai kuma abin da ya hana ni barci. Inda aka sami biyu da uku, akwai ɗaya. Ba mu gan shi ba."

*

Ya rufe rumfar da rana tsaka, abin da bai yi ba tun ranar jana'izar Auta. Mai agogo ya kira shi sau biyu, bai waiwaya ba.

Duk hanya abu ɗaya yake gani. Wata bakwai baya, da safe, 'yar tasa ta tsaya a gaban rumfar tana sauri, ta miƙa masa makulli.

"Baba, na lokata ne, 'yar durowar ajiyata a ofis. Yi min ɗaya, zan mayar da wannan yanzu."

Kowa a layin ya san tambayoyinsa uku. Na wace ƙofa ne? Ƙofar ta waye? Mai ita ya san ka zo? Ya kori masu manyan motoci a kan tambayoyin nan. Ya taɓa korar ɗan ƙanensa.

Ranar kuwa ko ɗaya bai yi ba. Yana riƙe makullin ya ji nauyinsa, ya san ba loka ke da irin wannan ba. Ya shafa haƙoran ya ji santsin da ke nuna shi ma kwafi ne, ba asali ba, kuma ya san kwafin kwafi kullum yana zamewa da ɗan kaɗan, yana cije ƙofa har wata rana ya karye. Duk ya sani. Amma Uwata ce, mai sunan mahaifiyarsa, yarinyar da ya yi ta yankan makulli har ta zama Dokta. Sai ya kunna inji, har da buga mata alamarsa yana murmushi.

*

A falo ya sami Uwata zaune a ƙasa, ta jingina da kujera, wayarta a kife. Kwana uku ke nan tana gida, ta ce musu hutu aka ba ta.

Ya mayar da ƙofa ya murza makulli, ya zare shi ya sa a aljihu.

"Baba, yau da wuri? Ko jikin ne?"

"Ina mamanki?"

"Tana kwance a ɗakin Auta."

Tun rasuwar yaron matarsa ta koma kwana a can. Bai hana ta ba. Ya dubi labulen ɗakin, ya ga ba ya motsi, sai ya zauna a bakin kujera ya yi ƙasa da murya.

"Uwata, makullin lokarki ya karye."

Ta ɗago da sauri, sannan ta sunkuyar da kai.

"Shugabar kwamitin ta zo wurinka ke nan."

"Ta zo. Ta tambaye ni waye Auta. A bakin titi, mace baƙuwa ta tambaye ni waye ɗana."

"Baba, ka bari in yi maka bayani."

"Shi na zo ji. Da me kika yi?"

Ta gyara zama.

"Kwanciyarsa ta ƙarshe a asibiti, ka tuna sun yanki ɗan fatar cinyarsa don gwaji? Ragowar na karɓa. Na kai cibiya na raya ƙwayoyin, na ajiye a tulun sanyi. Wallahi da farko ajiyewa kawai na yi, na kasa yarda a zubar da shi a shara. Farfesa ne ya gano. Na zaci korata zai yi. Sai ya ce min, kin san abin da kike riƙe da shi kuwa? Ya ce hanyar da muke bi da shanu ita ce dai, ba wanda ya yi ƙarfin halin gwadawa ne. Shi ya samo sauran abin da ake buƙata daga asibitin abokinsa. Shi ya ba ni makullinsa na ɓoye, ya ce in yanko nawa."

"Yau kuma ya ce bai san ki ba."

Ta kawar da kai.

"Kwamitin fa, kun kai musu?"

"Ba za su yarda ba."

"Kun san ba za su yarda ba, shi ya sa kuka zo wurin tsohon banza mai inji."

"Baba, kar ka ce haka."

"To me zan ce? Da hannuna na buɗe muku. Ni ne na farkon mai laifi a maganar nan, kuma na sani."

Ta matso ta durƙusa a gabansa, idonta ya kawo ruwa.

"Kai kana rumfa tun safe har magariba. Ni ce nake dawowa in sami Mama ta kwaso kayansa masu tsabta tana sake wankewa tana shanyawa. Ni ce na same ta tana zuba masa abinci a ɗan kwanonsa tana fifitawa ya huce. Wata shida ba ta iya cin loma uku. Na karanta kimiyya shekara tara, Baba, ƙanena ya mutu kansa a cinyata ban iya yi masa komai ba. Sai ga abu a hannuna wanda zan iya. Zan iya, Baba. Ka san mece ce wannan kalmar a wurina?"

"Na sani. Ni ma zan iya."

Ta dube shi.

"Babu ƙofar da ba zan iya buɗewa ba a layinmu, har da ta mai sayar da gwal. Minti biyu, da 'yar waya da ƙusa. Ranar da aka ce mu kai Auta babban asibiti ba ni da abin kai shi, na tsaya a gaban ƙofar nan ta mai gwal na daɗe ina kallonta. Kin taɓa jin na buɗe?"

"Ba ɗaya ba ne."

"To mu gani. Tambayoyin da ban yi miki ba ranar, yau zan yi. Ƙofar ta waye?"

"Ta cibiya."

"Ba waccan ba. Wadda kika buɗe a cikin tulun."

Ta dubi ƙasa.

"Mai ita ya san kin zo?"

"Baba, Auta ya rasu. Ta yaya zan tambaye shi?"

"Ba shi nake nufi ba. Shi ya gama nasa, yana inda ba ya jin ciwo. Wanda kike shirin kawowa nake nufi. Yaro zai buɗe ido ya tarar an ajiye masa takalmin wani da gadon wani da sunan wani. Idan ya ƙi gwangwanin makullan fa? Idan dariyarsa ba irin waccan ba ce? Kullum mamanki za ta dinga leƙa fuskarsa tana neman wani, shi kuma bai san laifin da ya yi ba."

"Fuskarsa ɗaya za ta zama da ta Auta."

"Na yanka makulli ya fi dubu nawa, Uwata. A ido duk ɗaya suke da na asali. Ƙofa ce take sanin bambanci."

Ta goge ido da bayan hannu. Ya ga yadda kafaɗunta suka rame cikin kwana uku, zuciyarsa ta karye, amma bai sassauta ba.

"Ɗan maraƙin nan da kika dawo kina kuka a kansa bara. Wanda kika ce ya fito ya yi girma fiye da kima, har uwar ta kusa mutuwa, shi kuma ya kwana biyu yana haki ya mutu. Kwafi ne?"

"Eh."

"A cikin ɗari, nawa suke fitowa lafiya?"

"Kaɗan ne."

"Sauran fa?"

"Wasu cikin yana zubewa. Wasu ana haifarsu da matsala."

"Da saniya kika yi kuka. Da ƙanenki kuma kika ce bari a gwada."

Ta fashe da kuka, ta toshe baki da mayafi kada a ji a ɗaki. Ya bar ta ta yi. Agogon bango, wanda mai agogo ya ba shi kyauta ranar da ta gama jami'a, ya nuna huɗu saura kwata. Can waje aka fara kiran la'asar.

Ya sauke numfashi.

"Ki saurare ni. Matar nan za ta zo yanzu, kuma zan gaya mata ni na yanka, ke kika kawo."

"Baba!"

"Zan kuma gaya mata wanda kika kawo min ɗin ma kwafi ne. A ba ni na masu gadi da karyayyen, in nuna musu a haƙoran cewa akwai wani makulli a tsakaninsu. Farfesanki ba zai zame ya bar ki ke kaɗai ba. Duk kotun da za a kai ki, tare za a kai mu, ni ma in amsa nawa. In sun rufe rumfar, sun rufe."

"Aikina fa? Shekara tara, Baba. Duk wahalarka."

"Wahalata ce, na yafe. Biyun da ke cikin tulun kuma ban san hukuncinsu ba, ban isa in sani ba, sai a tambayi masu ilimi. Alhamdulillahi tunda abin bai wuce tulu ba. Mamanki kuma kada ta ji, yanzu ne ta fara dawowa daidai, har ta yi 'yar ƙiba. Saura abu ɗaya." Ya sunkuyo. "Ina lamba ɗaya?"

Kukan ya tsaya cak.

"Ya lalace," ta ce.

Hannunta ya tafi kunnenta na hagu tana murzawa. Tun tana 'yar shekara biyar, in ta sha sukari ta ce ba ita ba ce, haka take yi.

"Sauke hannunki daga kunne ki sake faɗa."

Ta sauke hannun. Ba ta sake faɗa ba.

"Farfesa ya ɗauka? Ya sayar wa wani? Uwata, jinina ne fa. Ina kuka kai shi?"

Ta miƙe tsaye, fuskarta ta canza. Bai taɓa ganin ta dube shi haka ba.

"Kana ta cewa wa ya tambayi yaro, wa ya tambayi yaro. Ku wa kuka tambaya? Bayan ni kun binne biyu da ciwon nan. Likita ya zaunar da ku ya ce jininka da na Mama ne suke haɗuwa su ba da shi, ya ce duk cikin da za a yi akwai haɗari. Ina bakin ƙofa ina ji, shekarata goma sha biyar. Duk da haka kuka haifi Auta. Wa ya tambaye shi ko yana son shekara tara ta allura da ƙarin jini?"

Kamar ta kwaɗa masa guduma a ƙirji. Wannan tambayar ita ce take zama da shi a rumfa duk lokacin da ba ciniki, bai taɓa zaton wani ya san da ita ba.

"Ba wanda ya tambaye shi," ya ce a hankali. "Kullum ina neman gafarar Allah a kan haka. Likita ya ce mana a ciki huɗu, ɗaya ne yake zuwa da ciwon. Muka sa rai ga ukun, muka faɗa a ɗayan."

Yana faɗin haka wani abu ya faɗo masa. Ya ɗago kai.

"Tsaya. Idan aka kawo min makulli mai lanƙwasa a haƙori, inji ba ya gyarawa. Abin da ya gani shi yake bi. Sabon ma da lanƙwasar yake fita." Ya miƙe shi ma. "Naki injin fa? Ciwon Auta a jininsa yake. Kin kwafe shi da ciwon?"

"Farfesa ya ce akwai hanyar da ake gyara wurin kafin…"

"Ban tambaye ki abin da Farfesa ya ce ba."

"Mun gwada."

"Ya gyaru?"

Ta kawar da ido.

"Uwata, ya gyaru?"

"Bai gyaru ba." Ta sunkuyar da kai. "Duka ukun da ciwon suke. Sai daga baya sakamakon ya fito. Farfesa ya ce in yi shiru, kafin yaron ya girma an sami magani."

"Mu a huɗu ɗaya ne. Ke a uku, uku."

"Kin ce min kin cire ciwon."

Ba shi ya yi maganar ba, ba kuma 'yar ba.

Su biyun suka juya. Matarsa tana tsaye a ƙofar ɗakin Auta, ta riƙe labule da hannu ɗaya. Ba su san tun yaushe take wurin ba. Ko kallonsa ba ta yi, 'yarta take kallo.

"Kin dafa kaina kin rantse. Kin ce wannan karon ba allura, ba kwanan asibiti, ba zai ƙara kiran ƙafata ƙafata ba. Kin ce kin cire."

"Mama, lokacin ban sani ba, wallahi lokacin ban…"

"Maman Auta," ya ce, "ke ma kin san da maganar nan?"

Sai a lokacin ya ga ɗayan hannun nata. Yana kan mararta, a shimfiɗe, yadda ta ajiye shi duk sau huɗun da ta ɗauki ciki a rayuwarsu.

Abubuwa suka fara dawo masa ɗaya bayan ɗaya. 'Yan kwalaben allura da ya gani a firij bayan gorar ruwa, aka ce masa na ciwon gwiwa ne. Zuwa asibiti duk ranar Talata, ita da 'yarta, ba a taɓa cewa ya raka su ba. Watannin baya da ta ce ya dinga cire rigar aiki a waje, warin tagulla yana tayar mata da zuciya. Manyan rigunan da ta koma sawa. Ƙibar da ya yi ta gode wa Allah a kanta.

Ya dafa bango.

"Lamba ɗaya," ya ce.

"Ba lamba ba ne." Muryar matar ba ta rawa. "Wata huɗu da sati biyu."

"Shekararki arba'in da huɗu. Kin ji abin da ya sami saniyar? Kin san abin da zai iya samunki?"

"Na sani. Ni na roƙe ta. Da ta ƙi, na ce ba zan yafe mata nonona ba. Kar ka ɗora mata ita kaɗai."

"Ni kuma fa? Ni ba kowa ba ne a gidan nan?"

"Da mun tambaye ka za ka yarda?"

Amsar da 'yarsa ta bayar a kan kwamiti ce ta dawo masa daga bakin matarsa.

Matar ta juya ga 'yar.

"Da ciwon zai zo?"

'Yar ta gyaɗa kai, hawaye yana zuba.

Uwar ta lumshe ido ta daɗe. Hannunta bai bar inda yake ba.

A lokacin aka ƙwanƙwasa ƙofa, sau uku, a natse.

"Assalamu alaikum. Malam mai makulli, ni ce. Na zo kamar yadda muka yi."

Ba wanda ya motsa. 'Yar ta zame ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Ɗazu gaskiyar da zai faɗa 'yarsa kawai za ta ci, da rumfarsa. Yanzu in ya ce shi ne, tambaya ta gaba ita ce ina lamba ɗaya, kuma ya san amsar. Za su zo da motoci da likitoci da 'yan jarida. Bai san abin da za su yi da matarsa ba, bai san abin da za su yi da wanda ke cikinta ba. In kuma ya yi shiru, wa zai duba ta ranar da abin ya zo da gardama? Farfesan da ya ce bai san su ba?

Aka sake ƙwanƙwasawa.

"Malam, na ga takalminka a waje."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin gidan. Shi ya yanka shi da kansa, ga ɗigo biyu da ɗan layi. Ya taka zuwa ƙofar. Sai a karo na biyu makullin ya shiga.

"Baban Auta."

Bai waiwaya ba. Yatsunsa suna kan makullin.

Daga bayansa ta ce, a hankali, kamar mai tsoron ta da wani daga barci:

"Jiya ya motsa."